Marty Robbins da Waƙar Labari a Kiɗan Kantiri na Amurka

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu dubi yadda Marty Robbins, ɗaya daga cikin mawaƙan kantiri, watau kiɗan mutanen karkara na Amurka, ya tsare martabar waƙar labari a zamanin da gidajen rediyo ba su cika karɓar waƙar da ta wuce minti uku ba.

An haifi Robbins a Glendale ta Jihar Arizona a 1925, a gidan da talauci ya yi wa katutu. Kakansa na wajen uwa gwanin ba da labaran kaboyi ne, makiyayan shanun nan na yammacin Amurka, kuma a gabansa yaron ya fara sanin daɗin labari. Jita kuwa sai da ya shiga sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu ya koye ta. Kamfanin Columbia ya ɗauke shi a 1951.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne waƙarsa El Paso ta 1959, wadda shi ya tsara ta da kansa. Jigonta soyayya ce da ajali: wani kaboyi ya kamu da son wata mai rawa, Feleena, kishi ya sa ya harbe wanda ya gani tare da ita, ya gudu, sa'an nan begenta ya komo da shi garin da ya san mutuwa ke jiransa. Muhimmin abin lura a nan shi ne salo. Mawaƙin bai tsaya gefe yana ba da labarin wani ba. Ya sa labarin a bakin kaboyin ne. Ya fara da shuɗaɗɗen lokaci, amma da mutumin ya juyo gida sai ya koma lokaci mai ci, har mai sauraro ya ji harsashi ya same shi yana tsakiyar magana. A ganinmu, wannan sauyin lokaci shi ne ƙashin bayan waƙar, ya fi ma amon jitar da aka saba yabawa.

Tsawonta ya haura minti huɗu da rabi. Saboda haka kamfanin ya aika wa gidajen rediyo faifai mai ɗauke da cikakkiyar da kuma wadda aka datse. Cikakkiyar ce ta karɓu. Farkon 1960 ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri da na gama-gari, ta kuma sami lambar Grammy a 1961.

Labarin bai sake shi ba. A 1966 ya waiwayi tarihin Feleena a wata waƙar ta kusan minti takwas, a 1976 kuma ya fitar da El Paso City, inda wani fasinjan jirgin sama ke kallon garin yana tunanin ko shi ne kaboyin a wata rayuwa. Tsakanin waɗannan, abin mamaki, har tseren motoci yakan shiga. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a Nashville ranar 8 ga Disamba, 1982.