Motar Gida da Motar Waje: Bin Diddigin Muhawara Kan Ƙarko da Inganci da Daraja a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A tashoshin mota da garejin makanikai da majalisun hira na ma'aikata, akwai wata daɗaɗɗiyar gardama wadda har yanzu ba a kashe bakinta ba, wato wace ce ta fi tsakanin motar da aka harhaɗa a Nijeriya da wadda aka shigo da ita daga ƙetare. Wasu na ganin cewa duk abin da aka yi a gida ba ya kai na Bature kyau, wasu kuma na rantsuwa cewa ba a taɓa yin motar da ta dace da hanyoyin ƙasar nan kamar Fijo ta Kaduna ba. Gardamar ba ta fatar baki kaɗai ba ce, domin ta shafi kuɗin da magidanci ya shekara da shekaru yana tarawa, da ayyukan yi na dubban mutane, da kuma rayukan fasinjojin da ke bin manyan hanyoyi. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin fayyace abin da ake nufi da motar gida da motar waje, sannan ta auna su bisa ma'aunan da masu gardamar suka fi kafa hujja da su, wato ƙarko da inganci da daraja.

2.0 Me Ake Nufi da Motar Gida?

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya fara kwararowa, gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniya da wasu kamfanonin Turai domin kafa masana'antun harhaɗa motoci guda 6. Biyu daga cikinsu na ƙananan motoci ne, wato Peugeot a unguwar Kakuri ta Kaduna da Volkswagen a Legas, waɗanda suka fara aiki a 1975. Sauran huɗun na manyan motoci ne: Steyr a Bauci, da Fiat a Kano, da Leyland a Ibadan, da kuma ANAMMCO a Inugu mai harhaɗa motocin Mercedes-Benz.

Kalmar "harhaɗawa" ita ce ginshiƙin zancen. Injin motar da akwatin giya da mafi yawan ƙarafan jikinta a Turai ake ƙera su, a zubo su cikin akwatuna, a zo nan a ɗaure su, a yi walda da fenti. A shekarun farko ma, ta jirgin sama ake kwaso kayan Fijo daga birnin Liyon na Faransa zuwa filin jirgin sama na Kano, daga nan a ɗora su a tireloli zuwa Kaduna. Manufar gwamnati ita ce a riƙa ƙara yawan kayan da ake yi a gida sannu a hankali, kamar taya da batir da gilashi da kujeru, har a kai ga ƙarfe da inji. An yi nisa da na farkon, amma ba a kai ga na biyun ba, domin masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da aka ɗora wa buri ba ta taɓa yin cikakken aiki ba. Daga baya kamfanonin taya su ma suka rufe masana'antunsu, Michelin a 2007, Dunlop a 2008. Saboda haka motar gida, tun asali, haihuwar waje ce renon gida.

Duk da haka ta samu gata. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage alfarma, ta mai da Fijo 504 motar aikin manyan jami'ai. Ma'aikata kuma suna samun bashin mota daga wuraren aikinsu, a riƙa cirewa daga albashi, ta yadda malamin sakandare da ya gama jami'a yana iya sayen sabuwar Bitil (wadda Yarabawa suke kira ijapa, wato kunkuru) ba da daɗewa da kama aiki ba.

3.0 Zuwan Tokunbo

Abin da ya karya wannan tsari shi ne faɗuwar darajar naira. A 1985 naira ɗaya ta ɗan fi dalar Amurka ɗaya a farashin hukuma. A watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe kasuwar musayar kuɗaɗen waje ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, kafin 1993 kuwa dala ɗaya ta kai kusan naira 22. Tunda da kuɗin waje ake sayen akwatunan kayan da ake harhaɗawa, sai farashin motar gida ya yi tashin gwauron zabi, albashi kuma bai bi shi ba. Masana'antar Volkswagen ta durƙushe, ta Kaduna kuma ta ci gaba da jan ƙafa, galibi da cinikin gwamnati.

Wannan giɓi ne motocin da aka yi amfani da su a ƙetare suka cike. Sunayen da jama'a suka laƙaba musu sun isa su bayyana tarihinsu. Yarabawa suka ce tokunbo, wato abin da ya zo daga hayin teku. Wasu suka ce Baljiyam, saboda da yawa daga tashar jiragen ruwa ta Antwaf ake yo lodinsu. Hausawa kuma suka ce 'yar Kwatano, domin a tashar Kwatano ta Jamhuriyar Benin ake sauke su, inda kuɗin fito ya fi sauƙi, sannan a biyo da su ta Seme ko a zagayo ta Nijar a shigo ta wajen Maraɗi da Jibiya. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu 2017, amma sunan ya riga ya zauna a baki.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu da masu gardama kan tsallake. Sau da yawa idan an ce motar gida da motar waje, ba sabuwa da sabuwa ake gwadawa ba. Sabuwar mota ce da aka harhaɗa a Nijeriya ake gwadawa da tsohuwar da wani ya hau shekara 10 ko fiye a Jamus ko Amurka. Wanda bai raba waɗannan biyu ba, to duk hukuncin da ya yanke zai zo a karkace.

4.0 Ƙarko

Hujja mafi ƙarfi da magoya bayan motar gida suke da ita ita ce Fijo 504. An fara yin ta a Faransa a 1968, ta ci lambar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na gabashin Afirka a 1975. Doguwar ƙafa gare ta, ƙafafun baya ne ke tura ta, sifirin ɗinta da shokazoba suna shanye gargada, injinta kuma na kafireta ne wanda bakaniken ƙauye zai iya kwancewa a gindin bishiya ya mayar. Faransa ta daina yin ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta sama da shekara 20 bayan haka. Ita ce ta yi jigilar fasinja daga Kano zuwa Maiduguri da Sakkwato da Jos, 'yar'uwarta a-kori-kura kuma ta kwashi buhunan hatsi da dabbobi tsakanin kasuwannin ƙauye.

Sai dai idan aka duba da kyau, ƙarkon Fijo bai tsaya ga ƙarfenta kaɗai ba. Ta yi ƙarko ne domin kowane gari akwai wanda ya san ciwonta, kowace kasuwa kuma akwai kayan gyaranta, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas. Motar da ta lalace da safe aka tayar da ita kafin azahar, mai ita zai ce tana da ƙarko, ko da kuwa tana yawan lalacewa. Wadda ba ta cika lalacewa ba amma in ta tsaya sai ta yi wata uku tana jiran ƙaramin abu daga ƙetare, ita ce za a ce ba ta da kirki. Wannan dalili ne ya sa a yau Toyota da Honda suka gaji matsayin Fijo a zukatan masu saye, Golf da Sharan da bas ɗin Hiace kuma suka gaje ta a tashoshin Arewa. Yawansu ya jawo yawan kayan gyara, yawan kayan gyara kuma ya ƙara jawo masu saye. Abin mamaki shi ne tsohuwar motar waje ta zama ta gida a hannun makanikai, sabuwar motar gida kuwa ta zama baƙuwa.

Wannan shi ne babban ƙalubalen kamfanoni irin su Innoson, wanda Innocent Chukwuma ya kafa a Nnewi ta Jihar Anambara aka kuma ƙaddamar da masana'antarsa a 2010, da kuma sabuwar masana'antar haɗin gwiwar Ɗangote da Peugeot wadda ta fara fitar da motoci a Kaduna a 2022. Direban da ke Gashuwa ko Birnin Kebbi, kafin ya tambayi ƙarfin injin, zai fara tambayar inda zai sami filogi da faifan kuloci idan ta tsaya masa.

5.0 Inganci

Ta fuskar inganci kuwa, babu amfanin musun cewa manyan masana'antun Japan da Jamus, masu fitar da miliyoyin motoci a shekara, sun fi ƙaramar masana'antar da ke fitar da 'yan ɗaruruwa ko 'yan dubbai ƙwarewa wajen daidaita aiki. Amma ingancin da mota ta fito da shi daga masana'anta daban yake da wanda ta iso Apapa da shi. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, Afirka ce kuma ta karɓi kaso mafi tsoka, da yawansu ba za su tsallake gwajin lafiyar mota a ƙasashen da suka fito ba.

Illolin sanannu ne ga duk wanda ya saba da kasuwar. Akwai motocin da suka yi mummunan haɗari a Amurka, kamfanin inshora ya sallama su, aka saye su a gwanjo, aka zo aka buge aka yi fenti, alhali jakar iskar da ke kare direba ta riga ta fashe ba a mayar ba. Akwai waɗanda ambaliya ta shanye, wayoyinsu na ciki suna ruɓewa a hankali. Akwai waɗanda gishirin da ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara ya cinye musu ƙasa da tsatsa. Ana mai da agogon tafiya baya, ana kuma cire matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Yawancin motoci suna da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake iya bincika tarihin motocin Amurka da ita ta intanet, amma masu saye ƙalilan ne ke yin haka. Yawanci akan dubi ƙyallin fenti, a saurari ƙarar inji, a ji sanyin na'urar sanyaya ciki, sai a biya.

Sabuwar motar gida ta tsira daga waɗannan duka, tana kuma zuwa da takardar garanti. Tambayar da ta rage a kanta ita ce yawan aikin da aka yi mata a gida. Akwai bambanci mai girma tsakanin masana'antar da ke karɓar mota a warwatse ta yi walda da fenti, da wadda ke karɓar mota kusan a kammale ta ɗaura taya da kujeru da fitilu kawai. Ta biyun ba ta koya wa kowa sana'a mai zurfi, ragin haraji kawai take ci.

6.0 Daraja da Manufofin Gwamnati

Daraja a idon mai saye ta ƙunshi kuɗin saye da kuɗin riƙo da kuma abin da za a samu ranar sayarwa. Ga Bahaushe musamman, mota ajiya ce kamar saniya ko fili, wadda ake iya kaiwa hannun dillali idan aure ko rashin lafiya ya taso. Toyota Corolla ko tsohuwa ce ba ta kwana a kasuwa, motar da dillalai ba su sani ba kuwa sai an karyar da ita. Wannan kaɗai ya isa ya rinjayi mutum mai lissafi, ko da yana da kishin kayan gida.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin karkato da ma'aunin. Shirin bunƙasa masana'antar motoci na 2013 ya ɗora harajin kashi 35 cikin ɗari da ƙarin wani kashi 35 a kan ƙananan motocin da aka shigo da su a kammale, ya kuma sauƙaƙa wa masu harhaɗawa. Amma a 2019 Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a kan ƙudurin da zai mai da shirin doka, sannan dokar kuɗi ta 2020 ta rage ƙarin harajin zuwa kashi 5. Mai zuba jari da ke buƙatar shekara 10 ko 15 kafin ya mai da kuɗinsa ba zai gina masana'anta a kan manufar da ke sauyawa kamar iskar damina ba. Haka kuma, ko da yake umarnin shugaban ƙasa na 2017 ya wajabta wa ma'aikatu fifita kayan gida, a 2023 motocin Toyota na ƙetare aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya, suka kuma kafa hujja da rashin kyawun hanyoyi da buƙatar ƙarko. Da wuya a shawo kan talaka ya sayi abin da masu yin doka suka guje wa.

Faɗuwar naira bayan sakin farashinta a watan Yuni na 2023, daga wajen naira 460 a kan dala zuwa sama da 1,500 a 2024, ta bugi ɓangarorin biyu tare, domin tokunbo da akwatunan kayan harhaɗawa duk da dala ake sayensu. Sakamakon haka kasuwa ta ƙara karkata ga rukuni na uku wanda gardamar ba ta cika ambato ba, wato motar da aka riga aka mora a cikin Nijeriya, ta hannu na uku ko na huɗu. Bashin motar da ya sa malami ya hau sabuwar Bitil a 1978 ya zama tarihi a mafi yawan wuraren aiki. A ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Nijeriya ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne a wata, kuɗin da a lokacin da ƙyar zai cika tankin babbar mota sau ɗaya.