Keke, ƙaya da fadamar Sakkwato

A Sakkwato, idan magidanci mai albashi ya fito a kan keke, kafin a tambayi lafiyarsa sai an tambayi ta mashin ɗinsa. "Malam, mi ya samu mashin ɗin?" in ji maƙwabci, fuskarsa cike da jaje. A wurinmu keke na ɗan makaranta ne, da mai kai nono, da tsohon da ke ɗaure buhun albasa a kariya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kekuna suka ƙaru a titi, amma hakan ya daɗa tabbatar wa mutane cewa babu mai taka feda sai wanda aljihunsa ya yi sanyi. Ka ce don nishaɗi kake hawa, sai a yi maka kallon wanda ke ɓoye talaucinsa.

Ni don nishaɗin nake hawa, kuma a ganina garin nan ya fi dacewa da haka fiye da yadda ake zato. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsaunin da zai sa ka sauka ka tura, kuma ba ka yin nisa kafin gidaje su ƙare gonaki su fara.

Hanyar da na fi so ita ce wadda ta bi ta Dundaye zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Daga tudu za ka gangara fadamar gulbin Rima, wajen Kwalkwalawa, inda ambaliyar 2010 ta yanke hanya ta raba jami'ar da gari. Mai mota yana ratsa wurin cikin mintuna kaɗan, gilashi a rufe. Mai keke kuwa jikinsa ne ke fara sanar da shi ya iso: iska ta sauya, sanyi mai laima ya bugi ƙwauri, warin ɗanyar albasa da taɓo ya cika hanci. Da rani za ka ga fangalin albasa da tattasai jere, injin ban ruwa na ta ƙara, wani dattijo ya naɗe wando zuwa gwiwa yana toshe wannan bakin ruwa da fartanya yana buɗe wancan. Ka tsaya ka ce, "Sannu da aiki, Baba," zai miƙe ya amsa har ya tambayi mutanen gida, ko da bai taɓa ganinka ba.

Mai son tarihi ya nufi kudu, hanyar Boɗinga, ya leƙa Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Sai dai babbar hanya ce, motocin Birnin Kebbi ba sa rage gudu don keke. Haka ma ɓangaren Kalambaina da Wamakko, inda tirelolin siminti ke kai da kawo. A irin waɗannan hanyoyi gefen titi ne naka, kuma rigar da za a hango daga nesa ta fi kowace ƙararrawa amfani.

Lokaci shi ne rabin dabarar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, ka fita da an sallame Asuba, da rawani ko ƙyalle a hanci saboda ƙura. A Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, duk wanda ƙarfe tara ta same shi a waje ya yi wa kansa. Ruwa gora biyu, da ɗan dabino a aljihu.

Zafi dai ana iya kauce masa. Abin da ba a kauce wa shi ne ƙaya. Da ka bar kwalta ka shiga burji ko turbar ƙauye, tsidau na jiranka a ƙasa, ƙanana masu tsini ta kowane gefe, sai kuma ƙayar aduwa da ta bagaruwa a ƙarƙashin inuwar da ta fi jan hankalin mai neman hutu. Ba ka jin lokacin da ta shiga. Sai can gaba ka ji keke ya yi nauyi, baya na lilo. Shi ya sa tsofaffin mahaya ke tsaga mataccen tib su shimfiɗa shi cikin taya kafin su sa sabo, kuma ba sa fita babu famfo da sholisho. A nan ne ma tsohon Raleigh ko Phoenix mai kauri ke nuna wa siririn keken tsere iyakarsa. Wanda zai saya sabo don wannan yawo, ya nemi mai faɗin taya da giya, ko na gwanjo ne. In ka iso yashi, rage iskar tayar kaɗan, ka sauko da giya, kada ka danne birkin gaba.

Mai faci, in an dace da shi a bakin kasuwar ƙauye, abin kallo ne. Zai hura tib ya nutsa shi cikin kwanon ruwa yana juyawa, idonsa na neman kumfa. Ya samu, ya soka tsinke a hujin, ya kankare wurin, ya shafa sholisho da yatsa ya jira ya sha iska. Sa'annan ya zura hannu cikin taya yana laluben ƙayar, don in an bar ta, kafin ka fita garin ta sake yin aikinta.

Akwai maganar da ba a tsallakewa. Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, da ƙasar Goronyo da Rabah, wurare ne da suka cancanci ziyara, amma shekarun nan 'yan bindiga sun addabi gabashin jihar. Ba na shiga turbar da ban sani ba sai na tambayi direbobin tasha ko 'yan kabu-kabu, don su ne ke da labarin safiyar ranar. In suka ce a dakata, ina juyawa. Ku fita ku biyu ko uku, a san inda kuka nufa a gida, ku dawo kafin rana ta take.