Mercedes-Benz C-Class

Mercedes-Benz C-Class ƙaramar motar alfarma ce da kamfanin Mercedes-Benz na ƙasar Jamus yake ƙerawa tun shekarar 1993, lokacin da ta gaji Marsandi 190. Tana daga cikin motocin da 'yan kasuwa da ma'aikata suke saya na hannu a arewacin Najeriya, har da garuruwan Jega da Aliero da Maiyama a jihar Kebbi. An san ta da daɗin tuƙi da ƙwarin jiki, amma kuɗin kula da ita ya fi na yawancin motocin Japan masu girmanta.

Samfura

An fitar da W202 a 1993, W203 a 2000, W204 a 2007, W205 a 2014, sai W206 a 2021. Yawancin waɗanda ke hannun jama'a tsofaffi ne da aka yi amfani da su a Turai ko Amurka, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam. Da can ana shigo da su da yawa ta Kwatano, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017.

Matsalolin da aka fi sani

Injin M272 mai silinda shida, musamman na shekarun farko, yana da wani haƙorin ƙarfe a sandar da ke rage girgizar inji wanda yake saurin cinyewa. Idan ya cinye, fitilar inji takan kama. Ƙarfen kansa ba shi da tsada sosai, amma sai an sauke injin kafin a kai gare shi, don haka kuɗin aiki ne yake yin yawa. A injin M271 mai silinda huɗu kuwa, sarƙar taimin ce take saki. Alamarta ita ce ƙara idan an tayar da mota da safe, kuma idan aka bar ta ta tsallake tana iya lalata injin.

Giyar 7G-Tronic tana da farantin lantarki a cikinta. Idan ya lalace, motar takan maƙale a giya ɗaya, kuma sabon farantin sai an daidaita shi da kwamfuta. A W204 makullin sitiyari na lantarki yakan mutu ba zato, a sa makulli mota ta ƙi tashi. Motocin da suka fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara sukan zo da tsatsa a ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya, abin da ke da haɗari ga matafiya.

Yanayin Kebbi

A watannin Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, wanda yake gajiyar da lagireto, robobin ruwa, batir da na'urar sanyaya mota. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da wuri. Motar gajeriya ce, saboda haka ramuka a hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Aliero da Jega da Maiyama zuwa Yawuri suna cin shokozoba da robobin ƙafa. Gurɓataccen fetur kuma yana lalata famfon mai da filogi.

Kuɗin gyara

Kusan duk kayan gyaranta daga waje ake shigo da su, shi ya sa farashinsu yake bin canjin dala. Ya tashi sosai bayan da aka bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yunin 2023. Ko hidimar yau da kullum tana da nauyi: injin M272 yana shan baƙin mai kimanin lita 8, kuma mai inganci yake buƙata, yayin da injin M112 na C240 da C320 yake da filogi 12, biyu a kowace silinda.

Nisa ma yana ƙara kuɗi. Manyan kasuwannin kayan gyara su ne Ladipo a Legas da Ƙofar Ruwa a Kano. Matsalar lantarki ko ta giya takan sa a kai mota Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kano, wajen bakanike mai kwamfutar bincike. Gyaran kame-kame, inda ake canja kaya ɗaya bayan ɗaya ba tare da gano cutar ba, yakan ci kuɗi fiye da gyaran kansa.

Kafin saya

Ana ba mai saya shawarar ya sa a duba motar da kwamfuta, ya saurari injin lokacin da yake da sanyi, ya leƙa ƙasanta don ganin tsatsa ko yoyon mai, ya gwada duk giyoyin a kan hanya, sannan ya tabbatar da takardun kwastan. Yana kuma da kyau ya ware kuɗin gyara daban da kuɗin sayen motar.