Robar Itace da Dajin Birnin Gwari: A Ajiye Gatari Tukuna

Wata magana ta shiga yawo a majalisu da wayoyin mutane, kuma ta ishe ni. Wai Turawa sun gano yadda ake yin roba da itace, wai man fetur ya kusa zama labari, don haka duk wanda Allah ya ajiye kusa da daji irin na Birnin Gwari ya taka arziki, abin da ya rage masa kawai ya sare ya tara kafin masu saye su iso. Masu ƙona gawayi kuwa sun samu abin kafa hujja: tunda itacen nan sayar da shi za a yi ko ba jima ko ba daɗe, me zai hana mu ci rabonmu tun yanzu? Abin da nake tsoro shi ne sauƙin da aka samu bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar kara, motoci suka koma bin hanyar Buruku, ya zama gatari ne zai fi kowa cin moriyarsa.

Ba ƙarya ba ce ana yin roba da sinadarai daga itace. Kusan rabin busasshen itace wani zare ne da ake kira selulos, da shi ake takarda da wasu yadudduka. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kuma wani danƙo ne mai suna liginin, shi ke ba itace tauri. A Nowe, kamfanin Borregaard yana fitar da ƙamshin banila daga wannan danƙo tun 1962. A Afirka ta Kudu, masana'antar Saiccor ta kamfanin Sappi tana narka itacen turare ta sayar wa masu yin yadi a Asiya. A garin Leuna na Jamus, kamfanin UPM ya gina masana'antar da aka tsara za ta riƙa fitar da tan 220,000 na sinadarai a shekara, ciki har da wanda ake haɗa robar gorar ruwa da shi. Mu ma ba baƙi ba ne a harkar. Majeman Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna jima da bagaruwa, iyayenmu mata suna dafa sabulu da ruwan toka, ƙaro kuma har gobe ana fitar da shi waje. Duk sinadaran bishiya ne.

To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Duniya tana yin robar da ta kai tan miliyan 400 a shekara. Wadda ake yi daga tsirrai ba ta kai kashi 1 cikin 100 na wannan ba, kuma mafi yawan wannan 'yar kaɗan ɗin daga rake da masara take fitowa, ba daga itace ba. Dalili a fili yake: sukarin rake a sake yake, na itace kuwa a ɗaure yake cikin danƙo, sai an sha wahala da zafi da magunguna kafin a kwance shi, kuma kowane mataki kuɗi ne. Masana'antar Leuna da na ambata, a 2020 an ƙiyasta za ta ci Yuro miliyan 550, kuma za ta fara aiki a ƙarshen 2022. Sai da kuɗin ya haura Yuro biliyan 1, ranar farawa kuma aka yi ta ɗage ta. Wannan a Jamus ke nan, inda wuta ba ta ɗaukewa, inda jirgin ƙasa ke kai kaya har ƙofar masana'anta. A Amurka wani kamfani mai suna KiOR ya gina masana'antar mayar da guntayen itace man mota a jihar Misisifi, ya ci bashin gwamnati, a 2014 ya karye. Wanda ya ce maka kasuwar nan ta riga ta ci, bai leƙa ta ba.

A ɗauka ma kasuwar ta bunƙasa gobe, kuma ni ina ganin za ta ƙaru a hankali, musamman wajen yadi da kayan ƙunshe abinci da sinadaran siminti. Shin itacen dajin Kamuku na Birnin Gwari za su nema? A'a. Injin irin wannan masana'anta an saita shi ne a kan itace iri ɗaya, mai ruwa ɗaya, mai tauri ɗaya, wanda zai riƙa shigowa kullum har shekara talatin ba fashi. Shi ya sa Sappi ke da gonakin turare da ta shuka da hannunta, in ta sare wannan fegi wancan ya girma. Dajinmu kuwa gauraye yake: ga doka, ga maje, ga kirya, ga marke, ga kawo, ga kaɗanya da ɗorawa, kowanne da halinsa, kuma yawancinsu sai sun shekara gommai kafin su isa sara. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne. Ka loda shi a tirela daga Dogon Dawa zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas, kuɗin man mota kaɗai ya cinye darajarsa. Sannan masu sayen da ake ta yi mana kwaɗayinsu sun riga sun ɗaure kansu da doka. Tarayyar Turai ta zartar da wata a 2023 wadda ta ce duk kayan itacen da zai shiga kasuwarta, har da gawayi, sai an nuna bai fito daga filin da aka share dajinsa bayan 31 ga Disamba, 2020 ba. An jinkirta fara aiki da ita, amma alƙiblar ta bayyana. Wato mutumin da ke sare daji yau don jiran Bature, da hannunsa yake toshe ƙofar da Baturen zai bi.

Kuma wa zai sayi robar a gida? Masu yin bokiti da silifa da leda a Sharaɗa da Challawa da Bompai na Kano farashi suke dubawa, ba tarihin kayan ba. Masana'antar Indorama da ke Eleme tana ba su ƙwayar roba daga iskar gas, matatar Dangote ma ta shigo da tata. Robar itace ba za ta iya kokawa da waɗannan a farashi ba a yanzu. Mu tuna kuma cewa Najeriya ta taɓa gwada abin da ya fi wannan sauƙi, wato takarda. An gina masana'anta a Jebba, da Oku Iboku, da Iwopin, har aka shuka musu gandun malaina. Kafin a fita shekarun 1990 duk sun durƙushe, yau littafin ɗan firamare ma da takardar waje ake buga shi.

In ana son ganin abin da ke faruwa idan kasuwar duniya ta ƙyalla ido a kan bishiyar dawa, a tambayi mutanen Taraba labarin madobiya. 'Yan kasuwar Sin sun so ta don kujerun alfarma, aka yi ta lodinta a kwantena. Cikin 'yan shekaru ta ƙare a wurare da dama, har a 2017 aka sa ta cikin jerin bishiyoyin da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu. Ɗan ƙauyen da ya nuna hanya ya riƙe igiya an sallame shi da kuɗin cefane. Dillalai sun gina benaye. Kututture ne rabon gari.

Yanzu bari mu zo kan gawayi, don nan ne takaicina ya fi yawa. A ramin gargajiya, inda ake jera itace a rufe da ciyawa da ƙasa a cinna wuta, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo ɗaya na gawayi. Ina sauran? Hayaƙin nan da ke turnuƙe sama kwana da kwanaki ba banza ba ne. Akwai metanol a cikinsa, akwai ruwan tsami irin na binega, akwai kwalta. Kafin Jamusawa su gano wata hanyar a 1923, daga turara itace duniya ke samun metanol ɗinta. Henry Ford mai motoci, guntayen katakon da suka rage a masana'antarsa ta Mishigan ya riƙa mayarwa gawayi da sinadarai yana sayarwa. Ashe sinadaran da ake mafarkin sayar wa Turawa, kullum sai an ƙona su a dajin Birnin Gwari an bar wa iska. Mai gawayi kamar mahaucin da ya yanka sa ne, ya ɗauki ƙaho da kofato ya bar naman a daji. Ga shi kuma ba ya zaɓe. Kaɗanyar da mata ke tsintar 'ya'yanta duk damina, su yi man da zai sayi kayan ɗakin 'ya, sai wani ya kayar da ita a wuni ɗaya don 'yan buhuna. Wannan ba neman halak ba ne, cin amanar jikoki ne, kuma Musulmi ya san matsayin wanda ya shuka bishiya da na wanda ya yi ɓarna a bayan ƙasa. Na san talauci da tsadar gas tun janye tallafin mai a 2023 da rashin tsaro duk suna da hannu. Ba su mayar da ɓarna gyara ba.

Ga abin da za a iya yi ba tare da jiran kowa ba. Da farko masu gawayi su bar ramin ƙasa su koma tanderun ganga ko na bulo mai bututu. Da itacen da ke ba da buhu ɗaya za a iya samun kusan biyu. In aka sa dogon bututun ƙarfe hayaƙin ya bi ya huce, zai ɗiga ya zama wani ruwa mai tsami wanda manoman Japan da Tailan suka daɗe suna tacewa, su surka da ruwa su fesa a gona don korar ƙwari. Maƙerin Birnin Gwari zai iya ƙera wannan da tsohuwar ganga. A haɗa kai mutum goma a sayi ɗaya, ya fi kowa ya haƙa raminsa.

Sai kuma a daina raina shara. Dusar katako da ke tule a wuraren yankan katako, da totuwar masara, da ɓawon gyaɗa, da karan dawa da ake banka wa wuta bayan girbi, duk ana murƙushe su a cuɗa da ɗan kunun rogo a matse su zama dunƙulen gawayi. Totuwar masara kuma ita ce babban abin da ƙasar Sin ke yin wani sinadari mai suna furfural da shi, Afirka ta Kudu kuma tana yin sa da tukar rake a Sezela. In akwai wata ƙofa da yankin da ke noma masara kamar namu zai shiga wannan kasuwa, ta nan take, ba ta gindin doka ba. A bar wani kason karan a gona saboda ƙasa da dabbobi, kada a gyara nan a ɓata can.

Wanda ke da fili mai tsakuwa da ba ya ba da amfani, ya shuka itace mai saurin girma, a jere, iri ɗaya, ya rubuta ranar shuka ya ajiye takardar filinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin wani kamfani ya zo, ya sayar da turaku da azara da itacen girki. In kamfanin ya zo, shi ne mai kayan da za a iya saye. A kula kada a sa turare kusa da rijiya ko fadama, yana shan ruwa ƙwarai. Masu neman ilimin abin ba sai sun je nesa ba: akwai kwalejin gandun daji a Afaka, akwai tashar binciken dazuzzukan sabana a Samaru, akwai cibiyar NARICT a Basawa wadda aikinta ke nan, binciken sinadarai. Ya kamata ƙaramar hukuma ta kwashi matasa ta kai su, su kuma malaman su fito daga ofis su zo ƙauye da ganga da bututu.

Duk wanda ya zo muku da fom yana cewa ku biya kuɗin rajista don kamfanin robar itace zai sayi kayanku, ku tambaye shi ina masana'antar take, wane irin itace take ci, tan nawa a wata. In ya fara kame-kame, ku kai shi wurin mai unguwa.

Dajin Kamuku an keɓe shi tun 1936, aka ɗaga shi ya zama gandun ƙasa a 1999, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,121, kuma sara a cikinsa laifi ne a doka. Ina roƙon Masarautar Birnin Gwari, da hakimai da dagatai da limaman Juma'a, su hana kayar da kaɗanya da ɗorawa da madobiya a ƙasarsu tun kafin rani ya shigo, su kuma sa wa duk mai ramin gawayi sharaɗin shuka abin da zai maye wanda ya sare.