Sauya Tagogin Gida: Arhar Yau, Tsadar Gobe

Tun da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, taga ta shiga lissafin kowane mai gida. Gilashi mai falle ɗaya yakan bar zafin rana ya cika ɗaki, na'urar sanyaya ɗaki kuwa ta yi ta shan wuta.

Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 ta tanadi cewa tagogi kada su wuce kashi 20 cikin ɗari na bango, sai an yi musu inuwa.

Saboda haka, tagogin gabas da yamma, inda rana ta fi duka, su ne suka cancanci gilashi mai falle biyu. A Legas da Fatakwal, iskar teku tana cin ƙarfe, don haka alminiyam ya fi ƙarko. Taga mai turawa rabi kawai take buɗewa. Mai ƙyaure ta fi shigar da iska. Kafin biyan kuɗi, a duba robar bakin gilashi, domin nan ƙura da ruwa suke kutsowa.