Taurarin da kake sa wa a WhatsApp ba kwalliya ba ce kawai

Ka taɓa ganin wani ya zuba doguwar nasiha a Facebook, amma ga taurari biyu-biyu barbaje a cikinta kamar an watsa wa kaji tsaba? Kada ka tona masa asiri, amma galibi daga ChatGPT ya kwafo. A can inda ya ɗauko ba a ganin taurarin, kalmar da ke tsakaninsu ce ke yin kauri. Da aka kawo su inda ba a jin yarensu, sai suka tsaya tsirara.

Kai ma ai kana yin irinsa. In ka rubuta *Moriki* a WhatsApp sai ta fito da kauri, _Moriki_ kuma ta karkace. To, wa ke wannan aikin?

Wani tafinta ne a ɓoye. Burauzar wayarka ba ruwanta da tauraro, HTML ta sani, shi kuwa rubuta shi da hannu akwai gajiya. Shi ya sa a 2004 wani Ba'amurke, John Gruber, ya fito da tsarin Markdown, bayan shawarwari da marigayi Aaron Swartz. Ya haɗa shi da wata 'yar manhaja da ya rubuta da yaren Perl, wadda ke bin rubutu tana neman alamomi tana musanya su. In ta ga **Moriki** sai ta mayar da ita <strong>Moriki</strong>, in ta ga # a farkon layi ta san kanun labari ne. Yau akwai irinta a Python da JavaScript da PHP. Sai dai kowane gida da al'adarsa: tauraro guda da ke kawo kauri a WhatsApp, a Markdown karkata kalma yake yi.

Inda abin ya taɓa mu kai tsaye shi ne Wikipedia ta Hausa. Manhajar da ke riƙe da ita, MediaWiki, da PHP aka gina ta, kuma ba tauraro take amfani da shi ba, ɗan waƙafin nan na sama ne. Guda biyu na karkata kalma, guda uku na ba ta kauri. Mu kuwa wannan alamar ce muke fara 'ya'ya da 'yan'uwa da 'yanci da ita. Ka ga an yi gamo.

Misali, a layi ɗaya kana so ka karkata kalmomin 'yarsa da 'yan gida. Ka sa waƙafi biyu a gaban kowacce, ga kuma nata na asali, sun zama uku ke nan. Tafinta bai yi ajin Hausa ba, lissafi kawai yake yi. Sai ya ɗauka kauri kake nufi, ya haɗiye alamar gaba ɗaya. 'Yarsa ta koma yarsa, wato 'yar da mutum ya haifa ta zama wadda ta girme shi a ɗaki ɗaya! In kalma ɗaya ce a layin, manhajar kan gane ta gyara da kanta, a ta biyun ne take rikicewa.

Maganin ba wuya. Ka killace waƙafinka haka: <nowiki>'</nowiki>, don tafinta ya san harafi ne ba umarni ba. Ko ka bi 'yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ. Ni da 'y na saba, amma gaskiya a nan wajen tasu ta fi sauƙi.

Za ka ce duk wannan meye ruwanka da shi? Ɗauki wayarka ka nemi Moriki a Google. Abin da zai fi tarar ka labarin hari ne da garkuwa da mutane, haka Zurmi, haka Shinkafi. Ba ƙarya aka yi ba, abin ya faru kuma yana ci mana rai. Amma garin da ke da masarauta da kasuwa da malamai da manoma bai kamata a ce 'yan bindiga ne kaɗai ke rubuta masa tarihi ba. Abin da ka sa a sitatus kwana ɗaya yake yi ya ɓace, shafi kuwa yana nan ko bayan shekaru.

Kuma irin wannan rubutun bai buƙatar kwamfuta ko data mai yawa. Wanda ya ga yadda aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021 ya san darajar abin da ake iya yi ba netwok. Buɗe wurin ajiye rubutu a wayarka, je ka zauna da kakarka ko limamin unguwa, ka rubuta sunayen unguwanni da asalinsu, ka sa alamominka. In ka shiga Kaura Namoda ka samu sabis mai ƙarfi, ka nemo littafi ko jaridar da za ka kafa hujja da su, don Wikipedia ba ta karɓar "an ce". Kafin ka wallafa, danna wurin duba yadda shafin zai fito, ka ƙirga waƙafanka ɗaya bayan ɗaya.