Disleksiya: Matsalar Karatu da Ke Somawa Kafin Makaranta

A shekarar 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda karatu ya gagara. Malaminsa ya ce da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da babu wanda zai kama ƙafarsa a makarantar. Irin wannan wahalar karatu ce ake kira disleksiya, sunan da likitan ido Rudolf Berlin na Jamus ya ƙirƙiro. Likitocin farko sun zaci daga gani matsalar take, amma binciken da ya biyo baya ya nuna tushenta yana wajen rarrabe sautukan magana.

Yaro yakan tsinci magana a bakin mutanen gida ba tare da an zaunar da shi ba. Karatu kuwa sai ya gane cewa kalmar gida sautuka huɗu ce a jere, kowanne da harafinsa. Nan ne mai disleksiya ke tuntuɓe. Shi ya sa alamunta kan bayyana tun bai riƙe fensir ba: jinkirin fara magana, hautsina gaɓoɓin kalma, kasa jin kamancin sautin kalmomi irin su rana da gana, da saurin manta sunayen haruffa. Tana kuma bin jini, don haka gidan da uba ko uwa suka sha fama da karatu ya kamata a sa ido da wuri.

Wani zai ce a ƙyale yaro, ai kowa da lokacinsa. Gaskiya ne yara sun bambanta, sai dai jira yana da tsada. Wanda karatu ke wahalarwa yakan guje shi, kalmominsa su ƙaranta, tazararsa da tsaransa ta riƙa faɗaɗa, kamar yadda masani Keith Stanovich ya bayyana a 1986. Wani kuma zai ce rashin ingantacciyar koyarwa ce kawai. Lallai tana haifar da raunin karatu, amma disleksiya ita ce wahalar da ke nan daram ko da ɗaliban aji sun wuce a hannun malami guda.

Abin da ke taimako shi ne koyar da alaƙar sauti da harafi dalla-dalla, da maimaici, tun yaro na ƙarami. Bulala da kiran sa daƙiƙi ba sa koya masa harafi ko ɗaya, sai dai su raba shi da littafi.